Fitilar LED da ka haɗa da hannunka: wace adafta ce za ta iya ɗaukarta?

Maganar nan daga shagon askin ƙanina ta taso. Ya sayo naɗi biyu na irin fitilar LED ɗin nan mai kama da tef, wadda ake ɓare bayanta a manna a bango, ya zagaye madubi da ita ya bi gefen silin, aiki dai ya yi kyau ba laifi, sai da ya gama mannawa sannan ya tuna bai sayo abin da zai ba ta wuta ba. Ya zazzage kwalin tarkace ya samo adaftar wata tsohuwar dikoda, ya ga an rubuta 12V a jikinta, ledar tef ɗin ma 12V aka rubuta, shikenan ya ce ai magana ta ƙare. Yana jonawa fitila ta kama ta ɗauke, ta kama ta ɗauke, kamar siginar mota, adaftar kuma kafin minti biyar ta yi zafin da ba ka iya riƙe ta. Ya kira ni a waya yana faɗa, wai Yaya an sayar min da jabu, gobe zan mayar musu da kayansu. Na zo na karɓi adaftar na juya bayanta na nuna masa wani ɗan ƙaramin rubutu a gefen 12V ɗin wanda bai ko kalla ba: 2A.

Wannan 2A ɗin, wato amfiya 2, shi ne duk rigimar, kuma yawancin masu haɗa fitila a gida nan suke faɗawa, suna duba bolt su manta da amfiya. Tef ɗin da ya sayo irin mai ƙwai 5050 ne, ƙwai 60 a kowace mita, kuma irin wannan a rubuce wat 14.4 yake ci a mita ɗaya. Naɗi ɗaya mita 5 ne, wato wat 72, naɗi biyu wat 144. Lissafin kuma guda ɗaya ne ba ya canzawa, wat daidai yake da bolt sau amfiya, to in ka raba 144 gida 12 za ka samu amfiya 12. Adaftar dikoda iyakarta amfiya 2, wat 24 kenan. Kayan jaki shida aka ɗora wa jaki ɗaya. Wannan ƙiftawar da fitilar take yi ma alheri ce, adaftar ce take jin nauyi ya fi ƙarfinta sai ta kashe kanta, ta ɗan huta ta sake gwadawa, ta ga har yanzu nauyin na nan ta sake kashewa. Wadda ba ta da irin wannan kariyar ba za ta yi ƙifta ba, shiru za ta yi tana dahuwa har ka ji warin roba.

Toh ga inda mutane suke rikicewa ta ɗaya ɓangaren. Da na ce masa sai mun nemo mai amfiya 15 ko sama, sai ya zaro ido ya ce ba za ta ƙona fitilar ba? Na sha jin wannan tambayar har daga bakin waɗanda suka jima suna wayarin. Amfiyar da aka rubuta a jikin adafta kamar tuwo ne a akushi, kowa daidai cikinsa zai ci, girman akushin ba ya tilasta wa baƙo ya cinye. Tef mai buƙatar amfiya 3 ko ka jona shi a mai amfiya 30 ukun nan zai ja ya bar sauran. Bolt kuwa ɗura ce, abin da adafta ta turo shi zai shiga ko ana so ko ba a so. Shi ya sa bolt dole ya zo daidai cif, 12 da 12, 24 da 24, 5 da 5, amma amfiya ita so ake ta yi rara.

Dalilin da ya sa bolt ba ya son wasa yana cikin tef ɗin kansa, ka ɗauko shi ka duba da kyau za ka ga bayan kowane ƙwai uku akwai layin da aka yi alamar almakashi, ga kuma wasu ƴan ƙananan baƙaƙen abubuwa a tsakanin ƙwayayen, rizista kenan. Farin ƙwan LED asalinsa shuɗi ne aka shafa masa wani sinadari ruwan ɗorawa a sama, shuɗin nan da Akasaki da Amano da Nakamura suka samu kyautar Nobel a kansa a 2014, kuma shi kusan bolt 3 yake buƙata kafin ya kama sosai. Uku a jere sun cinye bolt 9 da ɗoriya, ragowar kusan ukun sai rizista ta shanye, ita ce mai tsare ƙofa. Yanzu ka ɗauko cajar laftof mai bolt 19, wadda kowa yake da ita a gida kuma bakinta ma wani lokaci yana shiga daidai, ƙwayayen dai ba za su ɗauki abin da ya wuce taran nan da yawa ba, ragowar da ta faɗa kan rizista ta tashi daga 3 ta koma wajen 9 ko 10, wutar da ke ratsa su ta ninka wajen sau uku. Haske za ka gani kamar rana, ka yi ta murna, kwana biyu ya fara dusashewa yana yin wani shuɗi-shuɗi, wasu wuraren su mutu uku-uku.

Irin wannan ce take samun masu jona tef kai tsaye a batirin sola, kuma wannan ya shafe mu sosai tunda yanzu gidaje da shaguna da yawa sola ce take riƙe da su. Batirin da ake ce wa 12V suna ne kawai, lokacin da yake caji da rana yana kaiwa 14.4. Ka ce ai biyu da ɗigo huɗu ba wani abu ba ne, amma ka tuna duk ƙarin kusan kan rizista yake sauka, daga 3 zuwa wajen 5, wutar ta kusa ninkawa kenan. In da daddare kawai kake kunnawa da sauƙi, in kuwa shago ne da ake kunnawa tun hantsi to ka nemi ɗan ƙaramin abin nan mai daidaita bolt ya tsayar maka da shi a 12 ka sa a tsakani, shi ma ka duba amfiyarsa kamar yadda za ka duba ta adafta.

Mu koma lissafi. Mun ce wat 144. Ba za ka je ka sayo mai wat 150 ka ce ai ta wuce da shida ba. Ƙa'idar da masu aikin suke bi ita ce kada ka ɗora wa adafta fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da aka rubuta mata, wasu kuma su ce ka ƙara kashi 20 a kan lissafinka, na farko ya ba ka 180 na biyu ya ba ka wajen 173, duk dai a mai wat 200 za ka tsaya tunda ita ce ta gaba a kasuwa. Ni kam a ra'ayina kashi 20 ɗin nan ya yi mana kaɗan, kuma dalilina zafi ne. Kamfanonin kirki irin su Mean Well na Taiwan suna fitar da takardar bayanin kowace adafta, a ciki akwai zanen da ke nuna cewa in zafin wurin da take ya haura wajen digiri 50 to ƙarfin da za ta iya bayarwa ya fara sauka. Wanda yake Ingila zai ce yaushe zan ga digiri 50. Mu kuwa a watan Afrilu Kano ko Sakkwato ko Maraɗi inuwa ma tana haura 40, sannan ina muke ɓoye adaftar? Cikin silin, ƙarƙashin kwano, inda in ka leƙa da azahar sai ka ji kamar ka sa kai a tanderun burodi, babu iska ko ta ina. Ga ta ita ma tana fitar da nata zafin, domin babu adaftar da take miƙa duk abin da ta karɓa, wani kaso yana zama zafi a cikinta. Abin da yake fara mutuwa a ciki kuma kafasita ce, ƴan gwangwanayen nan masu tsayi, su ƙa'idarsu sananniya ce, duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu. In ka taɓa buɗe matacciyar adafta ka ga kan gwangwanin ya kumbura kamar alkaki to zafi ne ya ci ta. Saboda haka in a silin za ta zauna ni kashi 30 zuwa 40 nake bari, in da hali ma na fi so a fito da ita a kafa ta a bango inda iska take wucewa, ko da ba ta yi kyan gani ba.

Duk wannan lissafin kuma ya ginu ne a kan cewa abin da aka rubuta a jikin adaftar gaskiya ne, wanda kowa ya san ba kullum ba. Za ka ga ƴar baƙar roba an buga mata 12V 10A, ka ɗaga ta ka ji kamar kwalin ashana, wayarta siririya kamar ta iyafis, wallahi wat 120 ba ya fitowa daga irin wannan. Ko bakin nan zagayayye da ake sokawa shi kansa in wuta ta kai wajen amfiya 5 ya fara ɗumi. Don aikin da ya wuce naɗi ɗaya gara ka nemi irin mai gidan ƙarfe mai huji-huji, wadda masu haɗa kyamarar tsaro suke amfani da ita, mai sukurori a jere an rubuta L da N na wutar gida da alamar at, wato wayar da ake kaiwa ƙasa, sannan V- da V+ na tef. Kuma ka mallaki mitar gwaji ko ta araha ce. Ka jona kayanka duka, ka bar su minti talatin, ka ɗora mita a bakin adaftar, in tana nuna 12 ko kusa da haka lafiya, in ta zube zuwa 10 da wani abu to ƙarya aka rubuta mata ko ka yi mata yawa. Sannan ka taɓa jikinta da bayan hannu, ɗumi ba komai, amma in ba ka iya barin hannunka a kai to da magana.

Wani abu kuma da za ka duba tun a shago, layin da aka rubuta wutar da take karɓa. Wasu za ka ga 100-240V, waɗannan ko Nepa ta kawo rabin wuta irin wadda fanka take juyawa kamar mai jin barci su ba ruwansu, 12 ɗinsu za su ci gaba da bayarwa. Wasu manyan kuma suna da ɗan makunni ja a gefe mai 115 da 230, su in wuta ta yi ƙasa sosai sai su fara ɗaukewa, kuma don Allah ka tabbata yana kan 230 kafin ka jona, in yana kan 115 ka ba ta wutarmu ƙara ɗaya za ka ji.

Sai waya, ita ce ɓarauniyar da ba a gani. Mutum ya yi lissafi daidai ya sayo adafta mai kyau, ya ajiye ta a lungu, ya ja siririyar wayar sifika mita 10 zuwa inda tef yake, fitila ta zo dishi-dishi ya ce adafta ce ba ta da ƙarfi ya koma ya sayo wadda ta fi ta, a banza. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 0.5mm² in ka ja ta mita 10, zuwa da dawowa mita 20 kenan, in amfiya 6 ce za ta bi ta lissafi yana nuna wajen bolt 4 ne zai zube a hanya. A wutar gida mai 230 bolt 4 ko a jikinka, amma a 12 kashi ɗaya cikin uku ne ya tafi. Mai kaurin 1.5 za ta zubar da wajen 1.4, mai 2.5 ƙasa da 1. Wannan ma in jan ƙarfe ne na gaske, domin akwai wadda alminiyom ce aka yi mata wanka da jan ƙarfe a sama, ka kankare ta da reza ka ga fari a ciki, ita ta fi zubarwa. Dabara mai sauƙi ita ce ka matso da adaftar kusa da tef, ka bar wayar 230 ta yi doguwar tafiyar.

Shi kansa tef ɗin waya ne, siririn jan ƙarfe ne shimfiɗe a jikinsa, shi ya sa in ka haɗa naɗi biyu baki da baki ka ba su wuta daga kai ɗaya farkon zai yi haske yana zafi, ƙarshen kuma ya yi ja-ja kamar fitilar ƙwai da kalanzir ya kusa ƙarewa. Mai 12V kada ya wuce mita 5 a jere, kowane naɗi ka ja masa tasa wayar daga adafta, ko ka ba shi wuta ta kai biyu. In aikin dogo ne tun farko ka sayi tef mai 24V, wat ɗaya ne amma rabin amfiya yake ja, matsalar waya ta ragu sosai, illarsa kawai sai bayan ƙwai shida ake yankawa. Masu son mai canza kala kuma ku duba ɗan farin akwatin nan mai rimot, yawancinsu amfiya 6 ne gaba ɗaya, biyu-biyu kowace kala, ko adaftarka ta kai doki in akwatin ne a tsakani shi zai narke. Akwai kuma mai gudu irin WS2812B da matasa masu wasa da ƴar ƙaramar kwamfutar nan Arduino suke so, shi 5V ne, mutum ya ga 5V ya ce ai cajar waya ta isa, alhali kowane ƙwai in ya yi fari sosai yana iya jan miliamfiya 60 (miliamfiya dubu ce amfiya ɗaya), guda 300 da ke naɗin mita 5 amfiya 18 kenan. Cajar waya mai amfiya 2 ƙwai talatin da ƴan kai za ta riƙe.

Yanzu misalin akushin da na kawo ɗazu yana da inda ya tsaya, kuma nan ne abin ya ɗan yi zurfi. Tef ya san ƙoshi ne saboda rizistar da ke jikinsa. Ƙwan LED tsirara, irin mai wat 1 ko wat 3 da ake liƙawa da dalma a kan faranti, ko faffaɗan nan mai wat 50 na fitilar tsakar gida, shi bai san ƙoshi ba sam. Bolt ya ƙaru kaɗan wutar da yake ja ta yi tsalle, in ya yi zafi kuma bolt ɗin da yake buƙata ya ragu sai ya ƙara ja, ya ƙara zafi, ya ƙara ja, haka har ya kashe kansa. Irin wannan ba adafta ake ba shi ba, direba ake ba shi, wanda aikinsa ya tsayar da amfiya a wuri ɗaya ya bar bolt yana hawa da sauka. Shi ya sa rubutun jikin direba yake zuwa a juye, za ka ga 350mA lamba ɗaya tak, bolt kuma an ba shi tazara kamar 24-42V. A nan dokar ta juya gaba ɗaya, amfiya ce dole ta zo daidai, babu maganar rara. Ƙwai mai wat 1 wajen miliamfiya 350 yake so, mai wat 3 wajen 700, in ka ba mai 350 direban 700 wai don ka bar masa sarari to ɗura ka yi masa ninki biyu. Lissafinsa shi ne ka jera su ɗaya bayan ɗaya kamar carbi, guda 10 kowanne wajen bolt 3.2 ya zama 32, ka duba 32 ta faɗa cikin tazarar direban, in ta faɗa shikenan. Ka gama haɗa ƙwayayen kafin ka ba direba wuta, in ka kunna shi babu kaya bolt ɗinsa yana hayewa can ƙoli, kana taɓa masa ƙwai ya watsa masa. Kuma kada ka kunna irin waɗannan ko na minti ɗaya ba tare da ka ɗaure su a jikin alminiyom mai shan zafi ba.

To tunda a tef rara ba ta cutarwa me zai hana mutum ya sayo mai amfiya 30 ya huta? Kuɗi dai na farko, ga manyan suna zuwa da fanka mai ƙara da tara ƙura. Amma babban abin shi ne ranar da waya ta haɗu. Ƙaramar adafta tana ganin shot za ta ɗauke. Babba mai amfiya 30 kuwa in shot ɗin a ƙarshen siririyar doguwar waya ya faru, wayar da kanta za ta rage wutar zuwa abin da bai kai talatin ba, adaftar ta ɗauka kaya ne na halak ta ci gaba da turawa, waya ta yi ja a cikin silin kusa da katako. Mutane suna raina 12V saboda ba ya jan mutum, amma gobara ba ruwanta da bolt, amfiya take bi. Maganinsa bai kai kuɗin katin waya ba, fis irin na mota, kowane reshe ka sa masa nasa a kan wayar V+ kusa da adafta, naɗin da ke jan amfiya 6 ka sa masa mai 7.5. Gidan ƙarfen kuma a haɗa masa at, sukurorin L da N a rufe su, ɓangaren 230 ɗin nan in ba ka saba ba ka kira mai wayarin, ba abin kunya ba ne.

A shagon ƙanina dai ba mu sayi mai wat 200 ɗin ba a ƙarshe, biyu muka saya masu wat 100, amfiya 8.5 kowacce, ɗaya ta riƙe madubi ɗaya ta riƙe silin, saboda in ɗaya ta mutu ana tsakiyar aski kada a bar mutum da rabin kai a duhu. Muka kafa su a bayan kanta inda iskar fanka take kaiwa, muka raba naɗin biyu da ya haɗa baki da baki, kowanne da wayarsa mai 1.5 da fis ɗinsa. Da na sa mita na auna sai na ga kowane naɗi bai ma kai amfiya 5 ba, ƙasa da shidan da lissafi ya bayar, wanda haka tef mai araha ya saba yi. Ya tsaya yana kallon mitar ya ce to Yaya ashe da mun sayi ƙarama ma ta isa, na ce masa ya bari Afrilu ta zo ya taɓa su da azahar sannan mu sake maganar. Adaftar dikodar kuma ya mayar da ita kwalin tarkace, har yanzu tana aiki.